Faifan da Bai Kai Sunan Barde Ba

Marka ta sauka da wuri bana, sama ta yi kwana da kwanaki ba ta ɗaga ba. Ni da gwiwoyina mun daɗe da ɓatawa, saboda haka in gari ya yi luf irin haka, buzu nake shimfiɗawa a zaure in zauna ina kallon masu wucewa. Shekaranjiya ruwa ya koro Malam Hadi maƙwabcina daga gona, ya faɗo zaurena da tulun feshi goye a baya, waya tana kiɗa a aljihun rigarsa. Tun kafin ya gama sallama na gane gangar Audu, abokin kiɗana. Na kuma gane muryar da ke bin ta, siririya, tana sauri kamar an biyo ta. Muryata ce, ta shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan.

"Alhaji Isiya, faifanka na farko ne hwa," in ji Malam Hadi yana yarfe ruwa daga hularsa. "Wani ya turo mani. Amma halan bai cika ba, ƙarshenshi guntule yake."

Na ce masa haka aka haife shi.

Daga madafa Hajiya Lantana, matata, ta ɗaga murya: "Malam Hadi, ka tono mamu aiki. Yau kam ba mai cin tuwo cikin daɗin rai gidan nan."

Ta san hali. Faifan nan shi ya rufa mini ɗaki da kwano, shi ya kai ni Makka, shi ya sa ake kirana biki har Kankara da Sabuwa. Kuma duk abin da na taɓa yi da bakina, babu wanda yake sosa mini rai kamarsa.

Mu makaɗan noma ne, gado muka yi. Ƙauyenmu yana tsakanin Daudawa da Sheme, ƙasar laka, ƙasar dawa da auduga. Ni ke waƙa, Audu ɗan wan babana ke ganga, da 'yan amshinmu. Aikinmu gayya. In mai gona ya tara mutane su taya shi huɗa, mu ne muke bin bayansu da kiɗa tun hantsi, muna kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kiran kuwa yana da tsari, ba a birkita shi. Da samari ake farawa, masu zafin jini, su yi ta tsere tun ƙasa na da sanyi. Sai magidanta. Sai waɗanda suka yi suna. Babban manomi kuwa ba a tada shi sai rana ta karkata, hannuwa sun yi kanta, an fara satar kallon abin da ya rage na gonar. A nan ne mai ganga zai sauya hannu ya buga masa takensa, wato kiɗan da aka keɓe masa shi kaɗai, ni kuma in kira shi. Kiran babba da wuri raini ne, tamkar ka zaunar da dattijo a tabarmar yara.

A yankinmu wannan wuri na ƙarshe na Barde Jatau ne. Gajeren mutum ne, mai 'yar ƙaramar murya, in ka gan shi a kasuwa sai ka ɗauka mai sayar da goro ne. Amma galmarsa, saurayi in ya ɗauke ta sai ya nemi inda zai ajiye. Da ya ji takensa sai jikinsa ya hau tsuma, ya miƙe ko da fura ce a bakinsa, ya shiga kuyya, kowa kuma ya sami sabon ƙarfi ya bi shi. Matarsa ɗaya, Inna Kulu. Sun haifu, amma babu ɗan da ya kai yaye.

An yi wata shekarar fari da ta riga faifan da damina biyu. An yi shuka da ruwan farko, ta fito gwanin kyau, sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, maza su fito suna kallon sama, sai iska ta zo ta watsa shi. Aka sake shuka, aka sake binne iri. Laka ta tsage har sai kaza ta saka ƙafa ta kasa cirewa. Ganyen dawa ya naɗe, ya yi fari-fari, in iska ta kaɗa sai ka ji yana ƙara. An fita roƙon ruwa, an juya riguna, an yi sadaka da ɗan abin da ya rage. Fulani suka yi ta wucewa kudu da shanun da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Makaɗi shi ne farkon wanda yunwa take samu, domin ba mai kiran gayya a gonar da ta ƙone. Audu ya rataye gangarsa a ƙarƙashin rumbu, gizo-gizo ya yi gida a kanta. Lokacin Lantana tana da goyo. Da asuba take fita da ƙwarya ta bi bakin rafi neman tafasa da yaɗiya, ta dawo ta dafa, ta barbaɗa ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri ya wadatar. Dusar da muke ba awaki muka koma tankaɗewa. Girki ya koma sau ɗaya, shi ma sai bayan la'asar, don a kwana da wani abu a ciki. Abin da ban manta ba shi ne shirun gari. Babu ƙarar turmi. Wanda bai taɓa zama a ƙauyen da ba a daka ba, ba zai gane abin da nake nufi ba.

Wata rana da azahar tsaka Barde ya tsaya a ƙofar gidanmu da jaki, damman tsohuwar dawa a kai, irin wadda ta shekara biyu a rumbu har ta yi ja. Ya sauke da kansa. Na fara godiya irin tamu ta maroƙa, ya katse ni.

"Bar wannan, Isiya. Ba don Allah kaɗai na kawo ba, kada in yi maka ƙarya. Kowa in ya kwanta dama ana cewa ga ɗiyan wane. Ni ba wanda za a nuna a ce ɗan Jatau ne. Abin da ni' da shi bakinka ne. To baki ba ya kira da yunwa. Ku ci."

Ya ja jakinsa ya tafi. Bai sake tada maganar ba, kuma dammai ba su yanke ba sai da aka ci sabon gero.

Da ruwa ya dawo, sai ya tarar duniya ta sauya. Kuɗi sun fara yawo. Samari suna tafiya Kaduna aikin gini, su dawo da rediyo da agogo da wando mai faɗin ƙafa, suna kallon galma a kaikaice. Amma daminar nan ta yi albarka, waɗanda suka rage kuma sun yi noma irin na wanda ya ga yunwa ido da ido. Ranar gayyar Barde an kwana ana ruwa, gari ya waye fes, laka tana ƙamshi, tana kama galma tana saki da wata irin ƙara mai daɗi. Mata sun jera ƙoren fura a inuwar ɗorawa. Muna tsakiyar kiɗa wata farar mota ta tsaya a bakin hanya. Alhaji Sabo ne, mai shagon rediyo da faya-fayai a Funtuwa. Ya tattare babbar rigarsa ya shigo gona, ya tsaya har aka kai ƙarshe, har Audu ya buga taken Barde. Da aka tashi ya ce mini wannan kiɗa bai kamata ya ƙare a gona ba, zai kai mu Ikko, wato Legas, a sa mu a faifai.

Barde ya fi kowa murna. Shi ya yi mana guzurin gumba. Ya kama hannuna a tasha ya ce, "An ce abin nan ba ya ruɓewa ko?" Na ce haka Alhaji ya faɗa. Ya ce, "To madalla."

Muka tafi cikin marka, mota zuwa Zariya, jirgin ƙasa zuwa Ikko. Ɗakin da aka kai mu babu taga, bangonsa a lulluɓe da wani abu mai taushi, ga na'urar sanyi tana busowa kamar za ta kashe mutum. Fatar gangar Audu ta saki, ta koma tana amsawa kamar tulu. Sai da ya fita bayan ginin ya roƙi wata mai suyar ƙosai ya gasa ta a bakin murhunta. Ma'aikacin da zai ɗauki muryar yana bayan gilashi, mutumin kirki ne mai fara'a, amma ba ya jin Hausa, Alhaji Sabo ke yi mana tafinta.

Aka kunna jar fitila aka ce mu fara, sai Audu ya kasa. Shi duk rayuwarsa bayan manoma yake kallo, faɗuwar galma ce ke ba shi hannu. Nan kuwa ba abin kallo sai bango. Ya fara ya tsaya, ya fara ya tsaya. Daga ƙarshe ya ce wa 'yan amshi, "Ku duƙa." Suka ce su duƙa su yi me? Ya ce, "Ku yi huɗa, don Allah, ko ta ƙarya ce." Haka ƙattin nan suka sunkuya a kan shimfiɗar ɗaki cikin sababbin riguna, suna sarar iska suna amshi. Ma'aikacin ya kifa kai a kan na'urarsa yana dariya har da hawaye. Amma kiɗa ya tashi.

Alhaji ya ce mana an ce mu taƙaita, faifai yana da iyaka. Muka ce to. A fahimtarmu taƙaitawa ita ce a yi sauri, shi ya sa duk wanda ya ji faifan zai ji ina gudu. Ba mu zubar da suna ko ɗaya ba, don kowanne da idonsa za mu koma mu haɗu. Tsari kuwa ko a mafarki bai zo mana mu taɓa shi ba. Muka bi daga samari zuwa magidanta, daga magidanta zuwa manya, sannan Audu ya sauya hannu, na cika ƙirji na kira Barde Jatau da duk abin da ke cikina. Ban taɓa kiransa da kyau irin na ranar ba. Ma'aikacin ya ɗaga mana babban yatsa. Muka fito muna ganin mun gama da duniya.

Mun dawo an fara gasa tumu. Kafin in shiga gida sai da na biya wurin Barde na ce masa sunansa ya shiga faifai, kuma a mazauninsa. Inna Kulu ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Daga nan aka shiga jira. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai aka girbe ta, aka ɗaure dammai, rumbunan da suka yi shekara biyu a wofi suka cika har ana danna su da ƙafa. Turame suka dawo da surutunsu. Duk ranar kasuwar Sheme sai Barde ya tare ni: "Bai iso ba?" Sai lokacin tsinkar auduga Alhaji Sabo ya aiko cewa ga shi nan tafe da faifai da akwatin sa shi.

Barde ya yanka ɗan akuya. Ya aika wa abokan nomansa har Ketare da Sabuwa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ya fito da sabuwar riga fara wadda ta yi masa yawa, ya zauna a gaba. Mata suka cika zaure. Alhaji ya zaro faifan daga kwalinsa, baƙi mai sheƙi, ga hotonmu a jiki mun yi tsaye kamar an kama mu da sata. Ya sa batir, ya ɗora allura.

Wayyo, daɗin da aka ji da farko! Duk wanda aka kira sai wuri ya ɗauki sowa, a dafa shi, a ture masa hula. Wani saurayi da ya ji sunansa ya fito daga akwati sai ya tashi da gudu ya zaga bayan gida. Ni kuwa ina zaune ina jin kaina kamar baƙo. Babu ƙarar galma, babu nishin mutane, babu guɗar mata. Kiɗa ne tsirara. Amma na ce ba komai, ƙarshen zai biya.

Aka wuce magidanta, aka shiga manya. Na lura allurar ta matso kusa da tsakiya, amma ban san ma'anar hakan ba. Wuri ya fara yin tsit, don kowa ya san wanda ya rage. Audu na cikin akwati ya sauya hannu. Taken Barde ya fito, tsaf, ba kuskure. Jikin tsohon ya ɗauki tsuma, ya miƙe tsaye, hannunsa na dama yana laluben ƙotar galmar da ba ta nan. Aka ji na ja numfashi zan kira. Sai sautin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya nutse. Allura ta yi ta shuu a wuri ɗaya.

Alhaji ya yi sauri ya juya faifan. Ɗaya gefen waƙar biki ce da muka yi don cike wuri. Ya ɗaga allurar. Daga baya ne ya bincika ya gaya mana abin da ya faru. Waƙar ta fi gefen faifai tsawo, sai mutanen Ikko suka datse wutsiyar. A wurinsu muhimmin abu a gaba ake sa shi, abin da ya zo ƙarshe ragowa ne. Ba mugunta suka yi ba. Su ba su tambaya ba, mu ba mu faɗa ba, don ba mu san akwai inda ba a san haka ba.

Barde yana nan tsaye a gaban baƙinsa, cikin rigar da ta yi masa yawa. Na ga Inna Kulu ta juya ta shige gida. Na so ƙasa ta tsage in shiga. Ya dubi akwatin ya ce da 'yar muryarsa, "Ashe kuyyar mutanen Ikko gajera ce." Ya zauna. Ya ce a kawo nama, baƙi sun yi nisa.

An ci naman nan ba a jin komai sai tauna.

Faifan kuwa ya karɓu. Gidan rediyo ya yi ta sa shi, masu shayi suka saya, direbobi suka haddace. Mutanen birni har cewa suke ƙarshen ya yi daɗi, wai ya tafi a hankali. Sunana ya kai inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Duk sabon kwanon da aka buga a ɗakina, in ruwa ya sauka a kansa, daɗi nake ji da kunya a haɗe.

Da Alhaji ya zo da maganar faifai na biyu, na tafi wurin Barde da dabarata. Na same shi yana gyaran ƙotar galma. Na ce, "Baba Barde, wannan karon da kai zan buɗe. Kafin kowa. Ba mai iya yanke ka."

Ya ajiye ƙotar ya dube ni kamar na zage shi.

"Da ni za ka buɗe? Cikin yara? Isiya, shekara nawa ina noma kahin in kai wurin nan? In abin nasu ba shi kai wa gare ni, a bar ni inda nike. Wanda ya san kiɗa ya ji takena, ya san wa ake shirin kira."

Na ce to za mu rage sunaye har a kai gare shi. Ya ce wannan tsakanina da waɗanda zan zubar. Sannan ya sassauta, ya ce, "Kai dai ga abin da nika so. Duk inda ka ji ya tsaya, ka ƙarasa."

Ba a kai ga faifai na biyu da shi ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a farkon damina, kafin a yi huɗa ya rasu. A wurinmu kuma ba a buga taken mamaci, tare da shi ake binnewa. Na roƙi Audu ko sau ɗaya, don faifai kawai. Ya ce hannunsa ba zai yi ba, kuma na san gaskiyarsa. Saboda haka ɗan bugun nan da ya tsira a wutsiyar faifan farko, shi kaɗai ne taken Barde Jatau da ya rage a duniya. Faifan da ya yanke masa suna shi ya ajiye masa take. Shekara da shekaru ina auna abin nan, har yau ban san ko tsine masa zan yi ko godiya ba.

Audu ya rasu, 'yan amshina duk sun bi shi. Gonar Barde an raba ta, yanzu feshi ake yi mata, mutum ɗaya ya gama da ita kafin azahar ba tare da ya duƙa ba. Ban ce laifi ne ba, bayan mutane ya huta.

Duk wannan ina tuna shi ne wayar Malam Hadi tana ta gudu da muryata, ruwa yana dukan kwano. Aka wuce samari, waɗanda yau jikokinsu ke da furfura. Aka wuce magidanta. Malam Hadi ya kai hannu aljihu ya ce, "Daga nan ne yake lalacewa, bari in kashe."

Na ce, "Bar shi."

Audu ya sauya hannu. Saurayin cikin wayar ya ja numfashi, sautin ya nutse. Na dafa bango na miƙe, gwiwoyi suna ƙara, na buɗe abin da ya rage mini na murya:

"Jatau na Kulu, mai tada laka tsaye,
Rana ta gaji, kai ba ka gaji ba!"

Na tsaya a inda 'yan amshi suke karɓa. Malam Hadi ya saki baki yana kallona, bai san abin da ake cewa ba. Sai daga madafa, cikin hayaƙi da ƙarar ruwa, muryar Lantana ta taso, ita da ta ci jar dawar nan da goyo a bayanta:

"Sai kai, Barde, sai kai."